Makon Reno

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wata yarinya ta zo nemana a wurin aiki. Ina zaune a madaba'a ina duba kurakuran tallar maganin sauro, aikin da ya rage wa mai digiri biyu ke nan, sai ta tsaya a kaina ta ce, "Kawu Farfesa?" Shekara goma sha huɗu rabon da wani ya kira ni da wannan sunan. Ban tambaye ta 'yar wa ce ba. Tsawonta ya ba ni amsa. 'Yar Dogo ce.

Wai tarihin Gidan Sama take rubutawa. Haka muke kiran kamfaninmu na wasannin kwamfuta, don a saman shagon masu taya yake, ɗaki uku da banɗaki ɗaya. Mu goma sha uku ne. Ni ke rubuta labari da maganganun mutanen cikin wasa, ubanta ke zana su. Ta ce ƙarshen wata za a rushe ginin, kuma ranar Asabar ta ƙarshe tsofaffin ma'aikata za su haɗu a can su yi masa bankwana. A nan za ta karanta abin da ta rubuta.

Na ce mata kamfanin da ya mutu ba shi da tarihi, sai dai gawa. Ta yi dariya irin ta ubanta, kafaɗa na rawa, baki a rufe. Ta bar mini lambarta.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban kira ta ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo da ɗan littafinta. Mai madaba'a har da kawo mata kujera, mutumin da bai taɓa ce mini sannu da aiki ba.

Na ba ta abin da ake ba baƙo. Yadda wasanmu na farko, Mai Fitila, ya bazu har muka riƙa ganin mutane suna buga shi a tashar mota ba su san mu ne muke wucewa ba. Yadda Manaja ya sayi rigar kwat a ranar, ya saka ta cikin zafi har ya kusa suma. Yadda muka shiga na biyu, Garin Ƙarƙashin Ruwa, wata goma sha ɗaya muna gina shi, Dogo yana zana kasuwa da kifaye suna yawo tsakanin rumfuna. Ta rubuta duka, amma na ga ba shi ta zo nema ba.

Ta ce in ba ta labarin Jariri.

Na ce ai kowa ya sani. Manaja bai yarda a ajiye aikinmu a ko'ina a waje ba, tun da aka taɓa sace mana zane. Saboda haka duk ranar Alhamis ake kwafe aikin kaf daga babbar kwamfuta zuwa wani faifan ajiya, baƙi, bai fi tafin hannu ba. Shi ne Jariri. Mutum ɗaya zai tafi da shi gida, ya dawo da shi Litinin kafin tara. Wannan shi ne reno. Mai reno zai rubuta sunansa da hannunsa a farin allon da ke bakin ƙofa. Ranar Litinin in ya shigo, sai duk ofis a haɗa baki a tambaye shi, ya kwana lafiya? Shi kuma ya ɗaga faifan sama ya ce lafiya lau. Manyan mutane da gemu. Abin da muke yi ke nan, kuma muna jin mu ne za mu canza duniya.

Sauran kuma ta sani. Tankin ruwan saman ginin ya fashe ranar wata Lahadi, silin ya rufto a kan babbar kwamfuta. Aka duba allo, sunan Dogo ne. Dogo bai zo da Jariri ba.

Ta rufe littafin ta ce tana da shekara tara a lokacin. Ta ce ta tuna ubanta ya kwana bakwai yana birkice gida, har katifa ya farke da reza, har buhun gawayi ya zazzage a tsakar gida. Na ce Allah sarki. Me zan ce?

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mai ɗakina ta ce in sauko mata da akwatin saman kabad za ta share ƙura. Na ce ƙurar ba ta yi wa kowa komai ba. Ta dube ni, ta tafi da tsintsiyarta. Ba komai a akwatin sai takardun shaidar karatuna, waɗanda ko gara ta raina.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Manaja ya kira. Yanzu gidaje yake dillanci, muryarsa ta yi kitse. Ya ce yarinyar ta je wurinsa, ya gaya mata gaskiya: bai tsani Dogo ba, amma doka doka ce. Ya kore shi a sati na biyu, ya sa aka cire sunansa daga jerin masu aikin Mai Fitila a sabon fitowa. Ya tuna mini cewa ni na cire, tunda jerin sunaye rubutu ne, rubutu kuma nawa ne. Kamar na manta.

Ya ce da Dogo bai yi sakaci ba, da yanzu muna da bene hawa goma. Na ce da tsohuwa ta yi gudu da ta kama zomo. Ya yi dariya ya ce Farfesa ba ka canza ba. Shi ma bai canza ba. Har yau bai san komai ba, kuma yana faɗinsa da ƙarfi.

Wata biyar muka yi muna ƙoƙarin sake gina wasan daga abin da ke kanmu. Ba a sake gina gari daga tunani. Masu zuba jari suka janye, mutane suka zare ɗaya bayan ɗaya. Ni na kashe fitila a ranar ƙarshe.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Hannuna na dama yana rawa tun jiya. Shekaru ne.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau da hoto ta zo. Mai Sauti ce ta ba ta, matar da ke haɗa mana kiɗa da ƙarar ruwa da takun ƙafa. Ashe ta ɗauki hoton ɓarnar a safiyar Litinin ɗin nan, ta ajiye shi duk shekarun nan. Mutane ba sa yar da komai. Ga kwamfuta cikin ruwa, ga guntayen silin, ga Manaja ya ɗora hannu a ka. Can gefe, ta bayan kafaɗarsa, ga allon.

Ta faɗaɗa wurin da yatsu biyu ta miƙo mini wayar. Ta ce in duba da kyau ko akwai abin da ya ɓace.

Na ce idona ba ya gani sosai.

Ta ce to ita za ta gaya mini. Kowa a Gidan Sama yana da alamar da yake sa wa kusa da sunansa a allo. Mai Sauti kunne take zanawa, Manaja hula, ni tabarau. Ubanta raƙumin dawa yake zanawa, layi huɗu da dogon wuya. Ta ce a kan littafinta na makaranta yana zana shi, a kan takardar asibiti yana zana shi, ko yanzu da hannunsa ya mutu, in aka ba shi biro da hagu abin da yake fara yi ke nan. A hoton akwai sunan Dogo. Babu raƙumin dawa.

Na ce wataƙila sauri yake yi a ranar. Ta ce wataƙila. Sai ta buɗe littafinta a sabon shafi, ta ce tana tara rubutun hannun kowa don ta sa a ƙarshen tarihin, in rubuta mata ko layi ɗaya ne. Na nuna mata hannuna yana rawa. Ta daɗe tana kallon hannun, ta ce Allah ya sawwaƙe, Kawu, ba gaggawa, akwai sauran kwana goma sha shida.

Ta ƙirga. Ni ma na ƙirga.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na bi ta gaban ginin. Masu taya sun kwashe. An shafa jan fenti a bango, an cire tagogin sama. Daga titi ana hango bakin ƙofarmu, kuma allon yana nan a rataye. Duk abin da ɓarayi suka kwashe a shekara goma sha huɗu, sun bar allo.

Ni na fara isowa a safiyar Litinin ɗin da aka tarar silin ya rufto. Wannan kowa ya sani, yana cikin abin da Manaja ya gaya mata. Ƙarfe bakwai da kwata na hau matakala, ruwa yana gangarowa ta kan takalmina. Minti ashirin na yi ni kaɗai kafin Mai Sauti ta zo. Minti ashirin ba wani lokaci ba ne. Mutum bai isa ya yi tunani mai kyau a cikinsa ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ta aiko da saƙo. Babanta ya ji ana maganata, yana son ganina. Gobe da la'asar.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na je. Da ban je ba.

Ɗaki ɗaya ne a bayan gidan ƙanwarsa. Dogo da yake sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar ofis, yau a naɗe yake cikin keken guragu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara uku. Bayan Gidan Sama ba wanda ya sake ɗaukarsa aikin zane, labari ya riga shi zuwa ko'ina. Allunan shaguna ya koma rubutawa, yana hawa tsani da gwangwanin fenti. Maganarsa a hankali take fitowa, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi.

Ya tsokane ni tukuna. Ya ce Farfesa har yanzu kana gyara wa mutane magana kafin su gama? Na ce yanzu ana biyana a kai. Kafaɗarsa ɗaya ta yi rawa.

Sai ya kamo hannuna da hagunsa. Na zaci na san abin da zai ce, har na ce a raina to, yau dai an zo wurin. Abin da ya ce shi ne:

"Ka yafe mini. Labarinka ya fi duk abin da muka taɓa yi kyau, ni na kashe shi."

Ya ce har yau yana mafarkin faifan. Ya ce bai tuna ya ɗauka ba, bai tuna ya rubuta sunansa ba, amma kowa ya san shi da mantuwa, shi da ya taɓa barin babur ɗinsa a kasuwa ya dawo gida a ƙafa. Tunda sunansa ne a allo, to shi ne. Ya ce yarinyar nan tana ta wahalar da kanta a kan wani raƙumin dawa, in gaya mata ta bari, mai laifi ya san kansa.

Tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Ba ta kallon ubanta.

Na ce masa ba komai, ya wuce. Da bakina na ce na yafe masa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba. Na jawo kujera gaban kabad. Na zauna a kanta.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Akwai abubuwan da masu rubuta tarihi ba su sani ba, don ba su taɓa tsayawa cikin ruwa har idon sawu ba. Mutum yana iya neman abu tun daren Alhamis har Lahadi, ya juye jakarsa sau goma, ya je tashar mota ya tambayi direbobi, ya tabbata abin ya faɗi a hanya. Yana iya zuwa da sassafe da niyyar faɗin gaskiya, don a lokacin laifin ƙarami ne, babbar kwamfuta tana nan, sai a sayi wani faifan a yi masa dariya. Sai ya buɗe ƙofa ya ga silin a ƙasa. Hannun riga yana goge allo cikin daƙiƙa biyu. Kuma in za a zaɓi suna, ai wanda kowa zai yarda ake zaɓa.

Wannan duk ana iya kiransa tsoro. Tsoro ba ya shawara.

Abin da ba shi da suna shi ne kwana na goma sha tara. Shafin cikin jaka ya yage ta ƙasa, abu ya zame ya kwanta tsakanin fata da yadi. Mutum ya sa hannu neman biro ya taɓo shi. An riga an kori wanda aka kora. Mutum ya ce gobe zan kai. Gobe ta yi, ya ce sai na tsara yadda zan faɗa, shi da tsara magana ce sana'arsa. Yana zaune yana kallon mutum goma sha ɗaya suna fama su tuno garin da ke cikin jakarsa a ƙarƙashin tebur. Wata biyar.

Na karanta littattafai da yawa a kan irin wannan mutumin. Na ci jarrabawa a kansu da daraja ta ɗaya.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na hau kujerar. Na ɗaga takardun digirin, Jariri ba ya nan.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a kan kujera ba. Mai ɗakina ta shigo ta ce in sauko kafin in karye mata. Ta buɗe durowarta ta ƙasa, ta ciro wani ƙulli cikin tsohon ɗankwali, a cikin leda biyu. Ta ce saman kabad yana yoyo tun bara, shi ya sa ta ɗauke.

Na tambaye ta ko ta san mene ne.

Ta ce, "Malam, sau uku muka tashi gida. Wa kake zaton yake naɗe shi?"

Ta ce matar Dogo, kafin ta rasu, ta taɓa kwatanta mata shi a layin asibiti, baƙi, da ɗan jan zare a ɗaure a gefe, tana cewa in ta ga mai kama da shi ko a bola ne ta gaya mata. Ta ce a ranar ta dawo gida ta kasa cin abinci. Na ce me ya hana ki magana? Ta ce da ta yi, da yaranmu sun tashi da sunan da 'yar Dogo ta tashi da shi. Ta ce ita ma tana da nata kason, ba sai na raba mata ba. Sai ta ajiye ƙullin a kan gado ta ce gobe Litinin.

Na zauna ina kallonsa. Shekara goma sha huɗu, zafi, damina, tashin gida uku. Irin wannan faifan ba ya kai haka. Na kama kaina ina roƙon Allah ya sa ya mutu. In ya mutu, ai ko da na kai a lokacin, wa ya sani.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Tara saura kwata na isa wurin Dogo. 'Yarsa ce ta buɗe. Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta matsa gefe.

Na kwance ɗankwalin na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana shafa jan zaren da babban yatsa. Shi ya ɗaura zaren da kansa, wai don kada Jariri ya yi makuwa. Ya ɗago, rabin fuskarsa yana murmushi, ya ce, "Ya kwana lafiya?"



Ta ɗauko kwamfutarta da wata tsohuwar wayar jona faifai da ta ce ta saya tun watan jiya, ko da za a buƙata. Tun watan jiya. Ta jona. Faifan ya yi ƙara sau biyu kamar mai gyaran murya, ya yi shiru, sai ɗan hasken ya kama.

Komai yana nan. Ko ɗigo bai ɓata ba. Ta sha fama kafin wasan ya buɗe, amma ya buɗe. Kasuwar Dogo ta fito, shuɗiya, kifaye suna ratsa rumfuna, ƙarar ruwan Mai Sauti ta cika ɗakin. Wata tsohuwa mai sayar da fitilu a ƙarƙashin ruwa ta juyo ta faɗi maganar da na rubuta mata, na ma manta na taɓa iya rubutu haka. Sati shida ya rage mu gama a lokacin.

Dogo yana kuka ta ido ɗaya. Ya ce Allah ya saka mini, ya ce ya san in akwai mai nemo shi to ni ne. Sai ya tambaye ni a ina ya yar da shi.

Amsa tana bakina, a shirye. A tsohon ginin, bayan kabad, masu rushewa suka tono. Da ya karɓa, da ya gode, da ya mutu yana gode mini. Na tsara ta tun a mota, har da sunan titin da na bi. Yarinyar ta ajiye biro a kan littafinta, ta naɗe hannu.

Na ce, "Ba ka yar ba. Makona ne. Ni na goge allon."

Sai da na maimaita, don bai gane ba da farko. Na faɗi na jakar, na faɗi na kwana goma sha tara. Ya saurara har ƙarshe. Bai zage ni ba. Ya dubi 'yarsa ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ashe ban manta ba." Sai ya ce ta juya masa keken ya fuskanci wasan.

Na tsaya ina kallon bayansa. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in zauna. Da na kai ƙofa na ji yana tambayarta ko uwarta ta taɓa zarginsa. Ban tsaya jin amsar ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Manaja ya kira sau tara. Mai Sauti sau ɗaya. Ban ɗauka ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta aiko da saƙo. Duka za su zo, har da waɗanda da farko suka ce ba za su samu ba. Za a ɗauki keken babanta a hau da shi sama. Ta ce ba za ta karanta babin ƙarshe ba, allon yana nan, ta sayo alƙalaminsa.

Mai ɗakina ta goge mini farar riga. Ta ce za ta raka ni har ƙasan matakala, amma ba za ta hau ba.

Tun asuba nake gwada zana tabarau a bayan takardar digirina. Hannun ya daina rawa.